Zuwa ga 'yata, kan gadon da kika ƙawata

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya nauyi? Allah Ya raba lafiya.

Ƙanwarki ta nuna mini hotunan kayan da kike ta ɗinkawa. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Hannunki ya faɗa, tubarkalla. 'Yar rigar nan mai ruwan ƙwai da kika haɗe wuyanta a kafaɗa, yadda zai buɗe ya wuce kai ba tare da maɓalli ba, ta fi komai burge ni. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, shi ya sa rigar da aka yanka wa wuya da awon ido sai an yi kokawa da kuka kafin ta shiga. Na kuma ga kin rufe bakin yadin ta ciki, babu abin da zai goge masa fata. Ki dai riƙa wanke yadi ki goge kafin ki sa masa almakashi, don auduga tana shan ruwa take tsukewa. Yadi mai miƙewa kuwa allura mai dunƙulallen baki yake so, mai tsini huda shi take yi.

Hoto na ƙarshe ne ya hana ni barci. Gadon.

Kin kewaye shi da soso kin lulluɓe da yadi, kin ɗaure da igiyoyi a kowace kusurwa, ga ɗan filo mai leshi, ga bargo mai kauri, ga 'yar tsana a gefe. Na san irin wahalar da kika sha a kai, da ciwon bayan da kike fama da shi. Duk da haka ki kwance shi, duka. Wannan umarni ne, kuma kin san ban cika ba ki umarni ba tun da kika yi aure.

Jariri ɗan wata biyu ko uku, idan fuskarsa ta nutse cikin abu mai laushi, wuyansa ba shi da ƙarfin ɗagowa. Numfashin da ya fitar shi zai yi ta mayarwa. Ba lallai ya yi kukan da za ki ji ba. Ke kina can kan keken ɗinki kina murna yau ya yi dogon barci, ƙarar keken ma ta toshe miki kunne. Wannan hoton ne yake ta dawo mini tun daren jiya, na tashi na yi alwala ya ƙi tafiya.

Na san me za ki ce: Umma ta fara. To, ba ni na ƙirƙiro ba. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina kwantar da jarirai rub da ciki, a 1994 aka yi gangamin wayar da kai a kan kwantar da su rigingine, kuma mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi a ƙasar. Shi wannan sosan da kika kewaye gado da shi, a 2022 doka ta hana ƙera shi da sayar da shi a can ɗungurungum. Abin da hukuma ta hana kamfani sayarwa, ke kin zauna kin ɗinka wa ɗanki da hannunki, har da kalmasa mai kyau! Kin ce wa ƙanwarki ai a intanet kowa haka yake yi. Masu waɗancan hotunan gado suke ɗauka don ya yi kyau a ido, su ba su za su kwana da yaron ba. Kuma ke ce ya kamata ki fi kowa sani. Kin san dalilin da ya sa Gwaggonki har yau ba ta iya ɗaukar jariri. Ba zan buɗe wannan maganar a takarda ba. Babanki ya ce in bar ki, gidanki ne. Shi ba ya ɗakin a ranar, ni ina ciki.

Katifa mai tauri wadda ta cika gadon babu rata, zanin gado da ya kama ta tsam, yaro a rigingine. Shi ke nan har ya shekara. Zai yi miki kama da gadon marar gata, ki daure.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Duwatsun adon da kika jera a gaban hula, ki cire, duk abin da yatsa zai iya ɓanɓarewa baki zai tafi. Igiya a wuyan riga ko hula ma haka, a Turai ƙa'ida ta hana ta a wuyan rigunan ƙananan yara. Safa da safar hannu kuma ki juya su ki datse duk zaren da ke reto. Zare ɗaya yakan naɗe ɗan yatsa ya shige cikin fata ya tsare jini, yaro ya yi ta tsala ihu, uwa ta duba ko'ina ban da cikin safa.

Kada ki ɗauka cewa nake ki ajiye keken. Haba. Tun da ya shigo gidanki muryarki ta sake a waya, na lura, kuma na gode wa Allah. Sosan nan ma ba asara ba ce: ki haɗe shi ya zama shimfiɗar ƙasa, ya riƙa wasa a kai idonsa biyu kina kusa. Maimakon bargo, ki ɗinka masa rigar barci mai kamar jaka, marar hannu, da zif a gaba, wuyan daidai yadda kansa ba zai zame ciki ba, ki sa ɗan ƙyalle ya rufe kan zif ɗin kada ya karce masa haɓa. Wannan aiki ne da zai nuna gwaninta fiye da filo.

In na yi zafi ki yi haƙuri, tsoro ne. Ki auno mini tsawon katifar da faɗinta da kaurinta, ina da farin yadin auduga mai laushi da na daɗe ina ajiya, zan sa masa roba a gefe in ba ƙanwarki ta taho miki da shi. Idan kin kwance gadon, ki turo mini hoto da kanki. Ki gaishe da maigidan.

Ummanki