Wasiƙa a Kan Hoton Cikin Ɗaki

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayarka game da fim ɗin baƙi da fari da ya dace da ɗaki mai ƙarancin haske, tun da ka ce filas yana ɓata maka fuskokin mutane.

Shawarata ita ce ka nemi Ilford Delta 3200, ko kuma Kodak T-Max P3200, wanda aka daina yin sa a 2012 sannan aka dawo da shi a 2018. Sai dai kada lambar da ke jikin kwalin ta ruɗe ka, domin ainihin ƙarfin Delta, wato yadda yake saurin kama haske (ISO), kusan 1000 ne, an dai yi shi ne yadda zai jure daɗewa a ruwan wanki. Saboda haka ni a 1600 nake saita kyamarata, amma in ba shi lokacin wankin 3200, don kada inuwa ta cinye komai.

Da shi na ɗauki Inna a ɗakinta bayan sallar isha'i, ba wani haske sai fitilar ƙwai a kan akwati, tana zaune tana jan carbi. Na buɗe ƙofar gilashin kyamara mai 50mm sosai zuwa f/2, na sa saurin ɗauka a 1/30 na daƙiƙa, na jingina kafaɗata da bango, na riƙe numfashi kafin in danna. A gefen fuskarta na auna hasken, ban auna a fitilar ba, domin harshen wuta yana yaudarar ma'aunin haske har mutum ya fito baƙi ƙirin. Da na wanke, wallahi sai da na daɗe ina kallo: ga tamojin goshinta, ga ƙyallin kwanukan jerenta a baya, ɗakin yana nan da duhunsa yadda muka san shi tun muna yara. Za ka ga hoton ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa gari, kuma ni ban ɗauki wannan aibi ba, don shi yake ba fata taushi.

Idan ba ka samu waɗannan ba, HP5 Plus ko Tri-X, masu ƙarfin 400, suna kaiwa 1600 da ƙarin lokacin wanki, amma inuwarsu takan yi duhu sosai.

Fim mai ƙarfi ba ya son zafi, don haka ka ajiye shi a firji, ruwan wankin kuma ya tsaya a digiri 20 na Celsius, wanda a nan sai da ƙanƙara nake samu. In za ka taho mini da fim ɗin guda biyar, ka roƙi ma'aikatan filin jirgi su duba da hannu, domin na'urar binciken kaya tana sa masa hazo.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum.