Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Fatakwal Kan Warin Sabulu a Kafet ɗin Mota

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ji daɗin labarin aiki, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar motar, musamman da ka ce ƙaramar 'yarka tana fara tari da zarar an rufe ƙofofi, uwargida kuma takan sauka da ciwon kai. Bai kamata a ce mako uku bayan wanki hamamin sinadarin yana nan daram ba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta maka dalla-dalla, domin gajeriyar magana ta waya ba za ta wadatar ba.

Irin wannan ya taɓa faruwa da ni shekaru biyu da suka wuce, lokacin da na kai motata wurin wanki ana gobe bikin ƙanwata. Yaran suka kwaɓa garin sabulu da ruwan wanke banɗaki mai ƙarfin ƙamshi, suka kwarara a kan kafet, suka dirje da buroshi, sannan suka share kumfar da ke sama da tsumma. A ido motar ta yi fes. Na shafe wata guda ina rataya turaren mota, har uwargidana ta turara ta da turaren wuta sau biyu, amma abin da muka samu shi ne wari biyu a haɗe, wanda ya fi na farko tayar da zuciya. Sai da wani dattijo mai gyaran kujerun mota ya ɗaga gefen kafet ɗin, ya ce in cusa hannuna, na ji ƙasan a jiƙe yana santsi, sannan na gane inda matsalar take.

Abin da ya nuna mini shi ne, kafet ɗin mota hawa-hawa ne. Akwai zaren da muke takawa a sama, akwai bayansa mai kauri, sannan a ƙasa akwai shimfiɗar soso ko auduga da aka sa domin rage ƙara da zafin da ke tasowa daga ƙarfen mota. Wannan shimfiɗa tana shan ruwa sosai, kuma ba ta samun iska. Idan ruwa ya bushe, sabulu ba ya binsa, yana nan maƙale a zare da soso tare da turaren da aka zuba masa. Duk ranar da mota ta kwana a cikin raɓa ko ta yini a rana, inda zafin cikinta kan iya haura digiri 60, sai ragowar ta sake tashi. Wato muddin kana jin warin, to sabulun bai fita ba, kuma babu turaren da zai fitar da shi. Ruwa mai tsabta ne maganinsa.

Kafin ka fara komai, ka gwada ka gani da idonka. Ka jiƙa farin tsumma da ruwa zalla, ka goga a wurin da ƙafar direba take sauka, sannan ka murza wurin da yatsu. Idan kumfa ta taso, ko ka ji santsi, ko ka lura wurin yana saurin kama datti fiye da da, to ka sami tabbaci.

Daga nan sai ɗauraya, kuma a nan ne aikin yake, don haka ka ware masa yini guda. Ka fitar da tabarmin ƙafa duka, ka wanke su daban a waje da ruwa mai yawa, ka shanya. Shi kuwa kafet ɗin da ke manne da mota, kada ka kuskura ka kwarara masa bokiti, domin haka ne aka jawo matsalar tun farko. Ka zuba ruwan ɗumi a kwalbar feshi, ka fesa a ɗan ƙaramin wuri har zaren ya jiƙe, ka bi da buroshi mai laushi, sannan nan take ka zuƙe ruwan da injin nan mai zuƙar ruwa da ƙura. Manyan wuraren wankin mota suna da shi, kuma ya fi maka ka biya su ka tsaya a kansu, ka ce ruwa kawai kake so, ban da sabulu ko ɗigo ɗaya. Idan injin bai samu ba, ka ninka tsohon tawul busasshe, ka ɗora, ka taka da ƙarfi, ka matse shi a bokiti, ka sauya wani. Za ka ga ruwan farko yana fitowa da kumfa da launi. Ka maimaita har ya fito garau. Ni sai da na yi zagaye biyar a gefen direba kafin kumfar ta ƙare, bayan motar kuwa uku suka isa.

A zagaye na kusa da ƙarshe, ka sa farin khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, a ruwan, kashi ɗaya na khal da kashi huɗu na ruwa. Irin wanda ake sayarwa domin girki yana da tsami kusan kashi 5 cikin 100, kuma amfaninsa shi ne yana karya ƙarfin ragowar sabulu, yana sa zaren ya saki abin da ya riƙe. Nasa warin yana gushewa idan ya bushe. Sai dai ina roƙonka ka koma ka tambayi yaran da suka wanke motar ko sun sa bilic, wato ruwan nan mai faranta tufafi, domin haɗuwar bilic da khal tana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, abin da ke da haɗari ƙwarai a wuri rufaffe kamar mota. Idan sun sa, ko kuma amsarsu ba ta gamsar da kai ba, ka bar khal gaba ɗaya, ka tsaya a kan ruwa zalla.

Busarwa ita ce abin da na fi jiye maka. Mu a nan Katsina, idan hunturu ya shigo, buɗe ƙofofi na yini ɗaya ya isa. Ku kuwa a Fatakwal ruwa yana sauka mafi yawan watannin shekara, iskar ma a jiƙe take, kuma funfuna tana iya fara kama wuri mai danshi cikin awa 24 zuwa 48. Idan hakan ta faru, warin da zai biyo baya ya fi na sabulu wuyar fita, ga kuma tsatsa da za ta riƙa cin ƙarfen ƙasan mota a ɓoye. Saboda haka ka zaɓi ranar da gari ya washe, ka fara da sassafe. Ka cire robar da ke danne kafet a bakin ƙofa, ka ɗaga gefensa, ka tokare da ɗan katako, sannan ka kunna fanka ta riƙa hura iska a ƙarƙashi. Idan yamma ta yi, ka tayar da mota a fili, ba a cikin gareji ba, ka kunna na'urar sanyaya mota ka karkatar da iskar zuwa ƙafa, domin tana janye laima daga iska. Kada ka yarda da bushewar sama, hannunka a kan soson ƙasa shi ne shaida. Idan kuma aka ce sai an cire kujeru, ka bar wa makaniki, saboda wayoyin jakar iskar kariya da ke kumbura idan an yi hatsari, waɗanda mahaɗarsu yawanci ruwan ɗorawa ce, suna bi ta ƙarƙashin kujera, kuma dole ne a cire kan batir kafin a taɓa su.

Bayan ya bushe ƙayau, ka barbaɗa bekin soda kimanin rabin kofi a kowane mazaunin ƙafa, ka bar shi ya kwana, da safe a zuƙe. Ka lura, bekin soda na ce, ba bekin fauda ba, kuma kada wani ya ce maka kanwa za ta maye gurbinsa, domin ta fi shi kaifi, tana iya barin farin tabo. Kada kuma ka haɗa shi da khal a lokaci guda, kumfar da suke yi alama ce ta cewa kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Ni na ƙara da gawayi busasshe a cikin jakar atamfa, na tura ƙarƙashin kujeru na mako biyu, kuma na ga amfaninsa.

Sauran abu ɗaya shi ne matatar iska ta cikin mota, wadda a yawancin motoci take bayan akwatin da ke gaban kujerar fasinja. Ta shafe mako uku tana shan wannan hamami, don haka ka sauya ta, ba ta da tsada.

Idan ka gama, ka rufe motar a rana na awa ɗaya, sannan ka kira wanda bai shige ta ba kwana biyu ya shaƙa ya gaya maka gaskiya, domin hancin mai mota yakan saba da warin har ya daina jinsa. Idan har bayan wannan duka warin yana dawowa, to soson ƙasa ne ya ƙoshi, sai a sauya shi, masu gyaran kujeru suna yankawa daidai da motar. Kafin nan, ka riƙa sauke gilashi idan yara suna ciki, idan kuma tarin yarinyar ya ci gaba ko a wajen mota, ka kai ta asibiti a duba ƙirjinta.

Ka rubuto mini yadda ruwan ɗaurayar farko ya fito da kuma abin da ka tarar a ƙarƙashin kafet ɗin. Ka gaishe mini da uwargida da yara, mutanen gidana ma duk suna gaishe ku.

Wassalam.

Naka amini,
daga Katsina.