Godiya ga Ma'aikatan Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikata,

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku bisa karamcin da kuka yi wa ɗalibaina, waɗanda ke shirin shiga gasar tarihi a kan kimiyya da fasaha. Batun da suka zaɓa shi ne haƙar kuza, da yadda ta jawo layin dogo da wutar lantarki zuwa Filato.

Kafin mu iso gare ku mun sha wahalar da ta kusa sa yaran su janye. A wani ofishi an ce mai riƙe da makulli bai zo ba, muka koma aka ce ya tafi ta'aziyya. A wani wurin kuma an karɓi takardar makarantarmu, aka ce mu jira sa hannun oga, har yau shiru. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kallon da wani jami'i ya yi wa yaran, yana tambaya wai me 'yan sakandare za su yi da tsofaffin takardu. Na ga yadda jikinsu ya yi sanyi a ranar.

Saboda haka ban zo muku da wani dogon buri ba. Sai Allah ya haɗa mu da wata dattijuwa a ɗakin karatunku, wadda ta zaunar da yaran, ta ce, “'Ya'yana, ku fara gaya mini tambayar da kuke son amsawa.” Da suka ce Turawa ne suka kawo sanin kuza, ba ta gwale su ba. Ta buɗe musu littafi, ta ɗora yatsa a kan layin, ta sa wata yarinya ta karanta da kanta cewa tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka kuza, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Wannan shafi guda shi ya sauya alƙiblar aikin gaba ɗaya. Ta kuma koya musu rubuta sunan marubuci da shekara da lambar shafi, abin da na daɗe ina nanatawa a aji, amma sai a bakin Mama, kamar yadda suke kiranta, ya zauna musu.

Daga nan aka zagaya da mu. Yaran sun tsaya gaban tsohon kan jirgin ƙasa na siririn layin da ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957, suka fahimci abin da ya sauya ga leburorin da a da suke dakon kuza a ka har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. An yi musu bayanin tashar lantarki ta Kurra, wadda aka gina domin injinan ma'adinai. Sun kuma ga tsofaffin gumakan yumɓu da ake kira gumakan Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a ramin kuza a 1928, suka ji yadda wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa wannan gida a 1952.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan tarba ta zama abin mamaki a ƙasarmu. Mun yi shekaru da aka cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, yanzu an dawo da shi, amma a ofisoshi da yawa takardun da za a koyar da shi suna jibge a ƙasa, gara na ci, rufi na yoyo a kansu, sannan wanda aka ba amanarsu yana ganin mai neman ilimi a matsayin mai takura masa. Yaron da ya tashi yana ganin kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi yana da haƙƙin sanin wanda ya haƙa su da kuma kayan aikin da aka yi amfani da su.

Ina roƙon hukumar da ke kula da gidajen tarihi ta taimaka muku da na'urar ɗaukar hoton takardu, domin wasu shafukan da muka gani sun fara ruɓewa. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Mama lafiya.

Naku,
Malamin tarihi, Jos