Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekara

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Tarurrukan wata-wata sun gudana kamar yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin da muka cim ma a bana shi ne ranar nuni da muka shirya wa masu buga bulo da ɗaliban sakandare. An bayyana masu cewa a tanderun siminti, inda zafi ke kai kusan digiri 1,450 a ma'aunin Celsius, dutsen farar ƙasa da kansa yake sakin iskar kabon dayokzayid mai ɗumama duniya, wanda shi ne babban abin da ya sa masana'antar siminti ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na wannan iska a duniya. Sannan aka nuna yadda ake kama ta. Ƙurar da tanderun ke bari tana ɗauke da sinadarin kalsiyam okzayid, wanda idan aka jiƙa shi aka hura masa iskar sai ya koma farar ƙasa, kuma giram 56 nasa na iya riƙe giram 44 na iskar. Zauren ya ɗauki sowa lokacin da aka fasa tsohon kankare aka fesa masa fenolftalin, wani sinadari da launinsa ke nuna inda iskar ta shiga kankare: tsakiyarsa ta yi ruwan hoda, amma gefen da ya shekara da shekaru yana shan iska bai canza launi ba. Masu bulo suka riƙa miƙa wa juna guntun suna juya shi a hannu, tambayoyi kuwa har aka kira magariba ba su ƙare ba.

Game da akwatin da muka yi alkawarin ƙerawa domin rufe bulo a cika shi da iskar kabon dayokzayid, kwamitin bai yi sakaci ba, saɓanin abin da wasu ke faɗa. Maƙeri ya gama aikinsa. Abin da ya rage shi ne tukunyar gas da ma'auni mai kyau, domin ƙarin nauyin bulon ne zai nuna yawan iskar da ya sha. Ita ma ƙurar sai a kamfanonin siminti irin na Ashaka da Sakkwato da Obajana ake samunta, kuma ɗauko ta sai da kuɗin mota.

Duk wannan kuɗin wata-wata da mambobi ke biya ne zai yi shi, amma mafi yawan mambobi ba su biya ba. Abin takaici, waɗanda suka fi tambayar ina aka kwana a zauren WhatsApp su ne ba a ganinsu a taro, kuma ba sa ɗaukar wayar ma'aji. Ana roƙon duk wanda ake bi bashi ya biya kafin babban taro, domin a nan za a karanta sunaye.

Sakataren ƙungiya