A ƙara wa shafin yara hoton nemo abin da aka ɓoye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don mu ba da shawara a kan shafin yara. A saka musu zanen nan da ake ɓoye abubuwa a ciki, a ce su nemo.

Wasan ya daɗe. A 1872 kamfanin ɗab'i na Currier da Ives a New York ya buga hoton yanyawa a daji, an saƙa doki da ɗan rago da aladen daji da fuskokin mutane a jikin itatuwa da duwatsu. Mujallar yara ta Highlights a Amurka kuwa tun fitowarta ta farko a 1946 take ɗauke da irinsa. Masu zanen wannan mujalla a wancan zamani da baƙin layi kan farar takarda suka yi aiki, kuma har gobe shi ya fi dacewa da takardar jarida.

Ƙa'idar ita ce abin da aka ɓoye ya ari layin abin da ke fili. A hoton kasuwa, lanƙwasar rawanin mai tireda ta zama bayan kifi, sandar makiyayi ta zama kan ludayi, farin filin da ke tsakanin rassa biyu ya ba da siffar takalmi. A kifa wasu, a kwantar da wasu, domin ido ya saba neman kofi a zaune. Wanda ya ƙanƙantar da cokali ya manna shi a kusurwa bai ɓoye komai ba, ya dai wahalar da idon yaro.

Abu 8 zuwa 12 ya isa. Uku su zo da sauƙi don kada yaro ya karaya, biyu su yi wuya har uba ya karɓi jaridar. A zana kowanne a gefe tare da sunansa, yadda wanda bai iya karatu ba ma zai shiga. A kula kada cokali na gaske ya fito a hannun mai koko alhali cokali ake nema, amsa ta zama biyu.

Wajen bugawa aka fi yin ɓarna. Takardar jarida tana shan tawada, layukan da suka matsu sai su haɗe su zama dunƙule. Kada kaurin layi ya gaza rabin maki a ma'aunin masu ɗab'i (point) bayan an rage girman zanen, kuma a ba shi aƙalla kwatan shafi. A buga da baƙar tawada zalla, don in aka haɗo baƙin daga launi huɗu, farantin buga ɗaya daga cikinsu ya ɗan goce, layi ya zama biyu. Kada a karɓi zanen da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp, inuwa da dishi-dishi za su cinye shi. A ɗauko shi da sikana.

Kafin a kai injin, a buga gwaji daidai girman da zai fito, a miƙa wa ɗan shekara bakwai. Amsar kuma a ajiye ta sai fitowar mako mai zuwa, an zagaye kowane abu da da'ira.

Wassalam.

Wasu malaman zane,
Zariya