Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato: A Shata Iyakar Surame Kafin Ruwa Ya Sauka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, muna gaisuwa, Allah ya yi maka jagora. Mu da muka rubuto wannan takarda 'ya'yan jihar nan ne. Wasunmu aikinsu binciken kufai, wasu awon ƙasa, wasu kuma ginin ƙasa suka gada. Magana ɗaya ce ta kawo mu, maganar Surame.

Ba sai mun ba ka tarihinta ba. Ka san birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, bayan ya raba gari da Askiya Muhammad na Songhai wajen 1516 a kan rabon ganimar yaƙin Agadas. Ka san nan ce hedikwatar Kabi har farkon ƙarni na 18, sannan sarauta ta koma Birnin Kabi. Ganuwarta ta dutse tana nan a yankin Binji, filin ya kai murabba'in kilomita 9. Gwamnatin tarayya ta ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa tun 1964. A 2007 Najeriya ta sanya Surame a jerin wuraren da ta ce za ta gabatar wa UNESCO don a shigar da su cikin kayan tarihin duniya. Wannan alkawari ne da aka ɗauka da sunan mutanen Sakkwato, kuma yau fiye da shekara 15 ke nan yana ajiye.

Ranka ya daɗe, dubi maƙwabtanmu. Kushewar Askiya da ke Gao ta shiga kundin duniya a 2004. Tsohon garin Agadas ya shiga a 2013. Sarkin da Kanta ya yi wa tawaye an rubuta shi, garin da suka je yaƙa tare an rubuta shi, birnin Kanta da ya gagari dakarun Songhai yana nan a layin jira. Abin yana yi mana ciwo, domin ba daraja ce Surame ta rasa ba. Aikin da ya kamata a yi a ƙasa ne ba a kammala ba.

Mun san amsar da ake bayarwa, wai wannan hurumin Abuja ne. Rabin gaskiya ce. Dokar 1979 ta ba Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ikon zaɓen wuri, ta buga sanarwa a gazet, ta saurari masu ƙorafi, sannan a ayyana shi. Ita ce kuma ke shirya kundin da ake kai wa UNESCO. Amma ƙasar da ganuwar ke zaune a kai, dokar filaye ta 1978 a hannunka ta danƙa ta amana. Ofishin safiyo naka ne, ma'aikatar filaye taka ce, shugaban ƙaramar hukuma da uban ƙasa kiranka suke amsawa. Idan aka buɗe kundin da UNESCO ke nema, abin da ake fara dubawa shi ne taswira mai nuna iyakar wurin daki-daki, da yankin kariya da ke kewaye da shi, da dokar da ta hana taɓa shi, da tsarin kula da shi wanda mutanen wurin suka sa hannu. Ana miƙa kundin kafin 1 ga Fabrairu, masana na ICOMOS, ƙungiyar da ke tantance wa UNESCO wuraren tarihi, su turo wanda zai taka wurin da ƙafarsa, a ɗauki kusan shekara ɗaya da rabi kafin kwamiti ya yanke hukunci. Wanda aka turo ba jawabi zai saurara ba. Zai tambayi ina iyaka, wa ke gadi, wa ya ba da izinin gonar da ke jikin ganuwa. Amsoshin nan duk a Sakkwato suke. Sukur ta Adamawa ta shiga a 1999, kurmin Osun na Osogbo a 2005, kuma har yau su biyu ne kawai Najeriya ke da su. Ba su shiga ba sai da jiha da masarauta da jama'ar wurin suka tsaya tare da hukumar tarayya.

Bari mu gaya maka yadda irin wannan ganuwa ke mutuwa, don ka ga dalilin gaggawarmu. Ba a rana ɗaya take faɗuwa ba. Duwatsun an jera su ne da ƙasa a tsakaninsu, ƙasar ce ke riƙe da su. Ruwan farko idan ya sauka a kan ganuwar da samanta ya buɗe, yana bi ta tsakiya ya wanke wannan ƙasa. Daga waje ba ka ganin komai, sai wata shekara fuskar ganuwar ta kumbura, ta yi ciki, sannan ta zube. Inda ta zube ya zama ƙofa. Garke ya bi ta nan, kofato ya sassauta duwatsun gefe, gibin taku biyu ya koma taku goma. Mai neman dutsen tushen ɗaki ya zo da amalanke ya kwashi na ƙasa, don a ganinsa ya riga ya faɗi. Ga itace kuma: ɗan tsiro ya kama a tsaga, saiwarsa ta yi kauri tana ture dutse, ranar da iska ta kayar da shi ya tafi da rabin bango. A cikin birnin, garmar shanu tana shiga ƙasa kamar taƙi ɗaya, kuma a wannan taƙin ne tsingaro da daɓen ɗaki da gurbin maƙera suke. Masu bincike da jerin zaman waɗannan abubuwa suke gane na wane zamani ne. Garma ta juya su sau ɗaya, shi ke nan, babu kuɗin da zai mayar da su yadda suke.

Manomi da makiyayi ba su yi laifi ba idan ba a nuna musu inda za su tsaya ba. Shi ya sa roƙonmu na farko, wanda ya fi sauran duka, shi ne ka ba Babban Safiyo na jiha umarni ya zagaye Surame tare da ma'aikatan hukumar tarayya da uban ƙasa da masu unguwanni. Filin murabba'in kilomita 9 kewayensa wajen kilomita 12 ne. Idan aka kafa turken siminti mai lamba a kowace mita 100, turaku 120 ko sama kaɗan sun isa. Kowane turke a ɗauki lambobinsa da na'urar GPS, a rubuta a rajista, a ajiye kwafi a ma'aikatar filaye, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da gidan uban ƙasa. Bayan wannan iyaka a shata zobe na biyu, mita 200 zuwa 500 gwargwadon yanayin ƙasar, inda za a ci gaba da noma da kiwo amma ban da fasa dutse, ban da haƙar marmara don hanya, ban da ginin bulo. Sannan ka sa hannu a buga taswirar a gazet na jiha. Wanda ke da gonar gado a cikin iyakar farko a biya shi diyya ko a musanya masa, a kuma yi haka a bainar jama'a. Inda aka kafa turke ba tare da an zauna da masu gona ba, da daddare ake tumɓuke shi.

Da an gama iyaka sai rubuta halin da ganuwar ke ciki. A raba ta gida-gida, kowane gida mita 20, a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa ciki da waje da sandar awo a jingine, a auna tsayi da kauri, a rubuta ko lafiya yake, ko ya tsage, ko ya zube. Ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara zai ɗauki hoton birnin duka daga sama cikin 'yan kwanaki. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da malaman tarihi da na labarin ƙasa da ɗalibai da za su iya wannan aiki, kuma da shi ne za a san inda za a fara kashe kuɗi.

A nan muna roƙonka da babbar murya, ranka ya daɗe: kada a ba ɗan kwangila aikin "gyara" Surame. Gyaran da aka saba, na a kawo siminti a shafe, shi ne ya fi ruwan sama ɓarna. Siminti ba ya barin danshi ya fita. Ruwa ya shiga ta sama ko ya hau ta gindi, ya rasa hanya, ƙasar da ke ciki ta jiƙe ta ruɓe, ranar da fatar simintin ta ɓanɓare sai ta tafi da fuskar bangon. Ban da haka, duk bangon da aka sake ginawa da sabon kaya ya rasa asalinsa, kuma asali na cikin abin da masu tantancewa ke aunawa. Abin da ake bukata ƙanƙani ne: a rufe saman ganuwar da ƙasar wurin wadda aka kwaɓa da kyau, a yi mata ɗan gangare don ruwa ya zube gefe, a buɗe wa ruwa hanya ya nisanci gindi, dutsen da ya faɗo a mayar da shi gurbinsa idan an tabbatar daga nan ya fito, idan ba a tabbatar ba a bar shi inda yake. Itacen da ya fito a jikin bango a sare shi daga gindi, kada a tumɓuke, a bar saiwar ta mutu sannan a cike gurbinta. Maginan gargajiya sun san wannan hannu, su ya kamata a ɗauka, kowace shekara kafin damina, kamar yadda ake yi wa soro yaɓe. A kuma ɗauki masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, a ba su albashi da babur, rahotonsu ya riƙa zuwa duk wata.

Za a ce mana tsaro ya hana. Mun san halin da Binji da Silame da Tangaza ke ciki, danginmu ne a can. Amma kufan da babu mai leƙa shi ya fi zama maɓoya, kuma masu haƙar kayan tarihi a ɓoye irin wannan lokaci suke jira. Mutum-mutumin yumɓu da ake kira da sunan Sakkwato a kasuwannin Turai ta wannan hanya suka fita. Ɗaya daga cikinsu yana gidan tarihi a Faris, sai a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata shi aro. Tarar da ke cikin dokar tarayya kuwa da darajar naira ta 1979 aka rubuta ta, ba ta tsorata kowa. Jiha na iya yin tata doka.

Wasu kuma za su ce kula da kufai ba aikin addini ba ne. Alƙur'ani ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta labarin Kanta da biranensa. Ba mu nemi a girmama dutse ba, a bar shi ne ya ba da shaida.

Sauran wuraren ma suna jira, ko da yake yau ba su muka kawo ba. Degel da Shehu ya baro a 1804, Gudu, Tafkin Kwatto, Alkalawa da ta faɗi a 1808, Sifawa, Wurno inda Bello ke kwance, filin Giginya na 1903, Satiru ta 1906, da guraben ƙofofin birni irin su Ƙofar Rini, Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya. Takarda mai shafi biyu ta isa wa kowane: suna, lambobin wuri, mai shi, mai kula, hoto, da bayanin dattawa biyu ko uku. Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu za ta iya riƙe wannan rajista ta ƙananan hukumomi 23, in an ba ta mota da kuɗin mai.

Mai girma Gwamna, aikin safiyo a daji lokacinsa daga an kawar da amfanin gona ne zuwa saukar ruwa, lokacin da ciyawa ta kwanta ana ganin layin ganuwa. Idan ya wuce, sai an jira wata shekara, ganuwar kuma ta sake shan damina a buɗe. Muna roƙon abu uku a wannan rani: umarni ga Babban Safiyo, wasiƙa daga ofishinka zuwa ga hukumar tarayya cewa Sakkwato a shirye take a fara haɗa kundin Surame, da layi guda mai sunan Surame a kasafin kuɗin jiha. Asusun tallafa wa kayan tarihin Afirka da aka kafa a 2006 yana horar da masu haɗa irin wannan kundi, amma sai an nema, kuma mai nema sai ya nuna taswira.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Wassalam,
Wasu 'ya'yan Sakkwato masu aikin binciken kufai, awon ƙasa da ginin gargajiya.