Likita, yaya za a yi idan fata ta saɓe, jakar bahaya ta ƙi zama?

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Mu ma'aikatan jinya ne a ɓangaren tiyata. Tambayarmu kan waɗanda aka yi wa aikin kansar hanji ne, aka fito musu da bakin hanji ta jikin ciki, wato sitoma, suna bahaya cikin jaka. Ana sallamar su lafiya lau, bayan 'yan makonni sai su dawo jaka na yoyo, fata ta yi ja tana tsattsafo da ruwa.

Yawanci daga awo matsalar take farawa. Sitoma tana kumbura bayan aiki, kumburin kuma yana sauka a hankali cikin mako 6 zuwa 8. Majiyyaci sai ya ci gaba da yanka ramin faifan manne, wato abin da ke liƙa jaka a fata, da awon ranar sallama, ramin ya yi wa sitoma yawa, bahaya ya zauna kan fata. Abin ya fi muni ga mai sitomar ƙaramin hanji, domin abin da ke fita ruwa-ruwa ne, kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci masu cin fata cikin kwana ɗaya ko biyu. Fatar da ta jiƙe ba ta riƙe manne, yoyo ya ƙaru, ciwo ya faɗaɗa.

Abin da muke koya musu shi ne a riƙa auna sitoma duk mako, ramin kada ya wuce ta da fiye da milimita 2 zuwa 3. A wanke da ruwan ɗumi zalla, a bar wurin ya bushe sarai. Ban da man shafawa, ban da sabulu mai maiƙo, kodayake duk wata uwa da ta ga fata ta yi ja, man kaɗanya za ta fara ɗaukowa. A liƙa faifan, a dafe shi da tafin hannu kamar minti ɗaya, ɗumin jiki ne ke sa manne ya kama. A zubar da abin da ke cikin jaka idan ta cika kashi ɗaya cikin uku, don nauyi yana ɓamɓare ta. A canza faifai bayan kwana 3 zuwa 5, da sassafe kafin karin kumallo lokacin da hanji ya lafa. Iska mai kumbura jaka da dare kuwa ba ta da wuyar sha'ani: a rage wake, albasa, kabeji da lemon kwalba.

Inda muka rasa abin faɗa shi ne nan. Hodar sitoma da zoben toshe giɓi ba a samun su a yawancin kantunan magani, jakar ma da tsada. Daga Maris zuwa Mayu gumi yana ɗaga faifan kwana biyar cikin kwana biyu. Mun ga masu ɗaure leda da filasta, idan aka ɓare, fatar sai ka ce an zuba mata tafasasshen ruwa. Hana su ba tare da ba su madadi ba, a ganinmu, maganar fatar baki ce. Wane abu ne mai sauƙin samu da za a sa wa saɓaɓɓiyar fata ta bushe, kuma manne ya kama a kai? Jaka mai kashi biyu, wato wadda ake cirewa a bar faifai a jiki, sau nawa za a iya wanke ta a mayar kafin ta zama haɗari? Idan sitoma ta nutse cikin lanƙwasar tumbi, ga shi babu faifai mai tudu, ɗamara kaɗai za ta wadatar?

Sai maganar azumi. Mai sitomar ƙaramin hanji yana rasa ruwa da gishiri da yawa, idan abin da ke fita ya haura lita ɗaya da rabi a rana, ƙoda tana cikin haɗari, kuma kwankwaɗar ruwa zalla ƙara zawon yake yi, sai dai ruwan gishiri da sukari. A wane mizani za mu ce masa ya ajiye azumi? Idan da hali, Likita, a gayyato malamin fiƙihu ranar amsa wannan, domin tambayar alwala ba ta yankewa, wasu ma sun daina zuwa jam'i saboda tsoron ƙara da wari a sahu.

Mun gode, Allah ya ƙara basira.

Ma'aikatan jinya, daga Zariya